Siyasta: Sa'ar da Ake Fara Yankewa a Makarantar Kwana

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Najeriya ya san siyasta, ko da bai taɓa lura da yadda ake rubuta ta ba. Tana nan a jikin jadawalin da ake mannawa a ƙofar ɗakin kwana, tsakanin abincin rana da sallar la'asar. An tashi daga aji, an yi azahar, an ci abinci, sai a kaɗa ƙararrawa: kowa ya hau gadonsa, ba magana, ba yawo, har sai an sake kaɗawa. A wasu makarantun sa'a guda ce, a wasu takan ɗan haura. Na yi ta ina ɗalibi, na kuma tsare ta ina malamin Turanci mai kula da ɗakin kwana. A cikin duk abin da ke jadawalin nan ban ga wanda aka raina kamarta ba, ban kuma ga wanda rashinsa ke saurin bayyana a jikin yaro kamarta ba.

Da yake Turanci nake koyarwa, ɗalibai kan tambaye ni bambancinta da sauran kalmomin hutu da suke gani a littafi. A rubuce siesta ce. Turawan Ingila aro suka yi daga Sifaniyanci tun cikin ƙarni na 17, su kuma mutanen Sifaniya gadonta suka yi daga Latin, inda sexta ke nufin ta shida. Rumawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'in yini, don haka sa'a ta shida ita ce tsakar rana. A Turanci, rest ta haɗe kowane irin hutu, break ɗan tsayawa ne a tsakiyar aiki, nap kuwa gajeren barci ne a kowane lokaci. Siesta ta fi su ƙunci: hutun bayan abincin rana ne, a ƙasa mai zafi. Mutumin Landan da ya rintsa a kujera da rana nap zai ce ya yi. Ba ya kawo siesta sai yana maganar Sifaniya, ko Meziko, ko wata ƙasar da rana ke hana aiki. Aikatau ɗin da ƙamus ke haɗa ta da shi take ne ko have, kuma shi nake ce wa ɗalibai su rubuta a jarrabawa. Amma a makarantunmu observe siesta ake cewa, da aikatau ɗin da ake kiyaye doka ko azumi da shi. Wannan ya yi daidai da yadda abin yake a wurinmu, domin ba wanda ake tambaya ko yana jin barci. Doka ce, kuma sai da na daɗe a aikin kafin na ga cewa zamanta doka shi ne kaɗai abin da ke riƙe da ita.

Lokacin da nake ɗalibi, ɗakinmu na ƙananan ɗalibai dogo ne, rufin kwano ba silin, gadaje masu hawa biyu jere hagu da dama, akwatin ƙarfen kowa a ƙarƙashin nasa. A watan Afrilu kwanon yakan riƙa ƙas-ƙas don zafi, wanda ke gadon sama kuwa ya fi kowa shan wuya. Mukan jiƙa tawul mu shimfiɗa a ƙirji, wasu su sauko su kwanta a siminti tsirara. Duk da haka, in aka bar mu, ba a minti goma sai ka ji ɗakin ya yi tsit, sai numfashi da kukan kurciya daga bishiyar dogon yaro da ke bayan taga.

In aka bar mu, na ce, domin sau da yawa ba a barin mu. Da an kaɗa ƙararrawa sai ka ji muryar siniya daga kusurwa: "Kai, zo nan." Wani a miƙa masa kayan makaranta ya je ya wanke, wani a ba shi bokiti biyu ya nufi famfo cikin rana, wani a ba shi kwali ya tsaya yana yi wa siniya fifita har ya yi barci. Yaron da aka tasa tun asuba ya yi shara shi ne kuma zai rasa kwanciyar rana. Da dare a ajin firef, wato lokacin bitar karatu, kansa ya faɗi a kan tebur, sai siniyan da ya sha fifita ɗazu ya zo ya tsala masa bulala saboda gyangyaɗi. Na ga wannan ina yaro, na sake ganinsa ina malami, ba abin da ya sauya sai fuskoki. Abin da na fara koya ke nan: a duk inda hutu ya yi ƙaranci, na mai ƙaramin ƙarfi ake fara ɗaukewa, kuma mai ɗaukar ba ya jin ya ƙwaci komai, tun da ba kuɗi ba ne, ba kuma abinci ba.

Ba siniyoyi kaɗai ke ɗauka ba. Mu malamai ma mukan ɗauka, da kyakkyawar niyya. Jarrabawar WAEC a Mayu da Yuni ta fi faɗowa, NECO na biye da ita, wato shirin da ake yi musu yana faɗawa ne a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Wata shekara shugaban makarantar da nake koyarwa ya yanke cewa 'yan ajin ƙarshe za su bar siyasta, su koma aji bayan abincin rana a yi musu ƙarin darasi. Mutumin kirki ne, mai son makarantarsa ta fita kunya. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan tun asuba suke tsaye, kuma suna da firef har dare." Ya ce, "Malam, iyaye sakamako suke tambayata, ba barci ba. In sun gama jarrabawa sa yi barci har su gaji."

Haka aka fara. Ni aka ba darasin taƙaita labari, wanda ko da sanyin safiya sai yaro ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Akwai wani yaro a layin gaba, mai ƙoƙari ƙwarai, wanda ba ya wasa da aikin gida. Ina karanta musu sakin layi na biyu, ina kallon hannunsa. Biro na tafiya, haruffan suka fara kwanciya, sai kawai ta zame ta ja dogon layi har ƙasan shafi. Ya farka a firgice, ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, "Malam, yi haƙuri." Ba shi da laifin da zai ba da haƙuri a kai. Da na karɓi littattafan na duba, irin wannan layi na nan a shafuka da yawa.

Kafin mako biyu abin ya bazu zuwa sauran yini. Firef na dare, wanda a da shi ne lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke karatun kansu na gaske, ya koma ɗakin barci a zaune. Layin masu ciwon kai a ɗakin shan magani ya ƙaru, masu haɓo ma haka. Faɗa ya yawaita a bakin famfo a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mun ƙara sa'a guda a takarda, mun yi asarar biyu da dare, ga fushi da muka saya. A darasina sai na riƙa cewa kowa ya kifa kai a tebur na minti ashirin, in tsaya a ƙofa, sannan in tashe su, su wanke fuska, mu yi aiki a sauran lokacin. Abin da muke gamawa a wannan ragowar ya fi wanda muke gamawa a cikakkiyar sa'a. Daga baya da mu masu kula da ɗakunan kwana muka haɗa baki muka koma wurin shugaban, ya yarda aka mai da ƙarin darasin bayan la'asar.

Masu binciken barci sun bayyana abin da na gani. Jikin mutum na da agogonsa, kuma kuzari yakan faɗi sau biyu a yini: cikin tsakar dare, da kuma wajen ƙarfe 1 zuwa 3 na rana. Mutane kan ɗora laifin a kan tuwo, kuma abinci mai nauyi yana ƙarawa, amma ba shi ne tushen ba. Duk wanda ya yi azumin Ramadan ya san barcin azahar na zuwa ko ciki ba komai. Likitocin barci na Amurka sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kowane yini. Ɗan makarantar kwana da aka kashe masa fitila ƙarfe 10 aka tashe shi ƙarfe 5 sa'a 7 ya samu, in ma zafi da sauro sun bar shi. Siyasta ce ke cike masa giɓin. An kuma tabbatar cewa a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke ƙara zaunar da abin da aka koya. Wanda ya hana yaro barci don ya ƙara masa darasi, ruwa yake zubawa a tulun da ya riga ya cika.

A tsakiyar shekarun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi da matuƙan jiragen sama masu doguwar tafiya a kan tekun Fasifik. An ba wasunsu damar kwanciya ta minti 40 a kujerarsu, ɗaya bayan ɗaya, suka sami barcin kusan minti 26 a matsakaici. Waɗanda suka rintsa sun fi waɗanda ba su rintsa ba saurin amsawa da natsuwa, musamman a ƙarshen tafiya, lokacin sauka. Wannan ya nuna ba dogon barci ake nema ba. Minti 20 zuwa 30 ya isa. In ya zarce haka sosai mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, ya tashi kai ya yi masa dum, ya ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai. In kuma aka jinkirta shi zuwa yamma yakan ci barcin dare, kuma dama manyanmu sun daɗe suna hana barcin bayan la'asar. Shi ya sa nake ganin sa'a guda ta makaranta ta yi daidai: kafin yaro ya cire kaya, ya kwanta, hayaniya ta lafa, barci ya ɗauke shi, abin da ya rage bai wuce kima ba. Wanda barci bai ɗauka ba ma ya amfana da kwanciyar shiru a inuwa.

Wani uba ya taɓa tare ni ranar ziyara, jadawali a hannunsa, ya ce, "Malam, karatu na kawo shi ko barci? Wannan ai tarbiyyar Turawa ce, ku koya musu lalaci." Na fahimci damuwarsa, domin da guminsa yake biyan kuɗin makaranta. Amma na ce masa, "Alhaji, sunan ne na Turawa, abin namu ne. Ƙailula ce." A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci lokuta uku da ake so yara da masu hidima su nemi izini kafin su shiga wa manya, ɗaya daga ciki shi ne tsakar rana, lokacin da ake tuɓe tufafi a huta. A Sahihul Bukhari akwai ruwayar Sahlu ɗan Sa'ad da ke nuna cewa ranar Juma'a sahabbai kan jinkirta ƙailula da abincin rana sai bayan salla, wato a sauran ranaku abin da aka saba ne. Malaman zaure kuwa sun daɗe suna cewa ƙailula ce ke taimakon mai tsayuwar dare. Manomi ma da sassafe yake shiga gona, in rana ta take ya koma gindin bishiya. Makiyayi bai isa ya tilasta wa shanu kiwo a wannan lokaci ba, da kansu suke neman inuwa su kwanta suna tuƙa. Alhajin ya yi shiru, sannan ya ce mahaifinsa ma ba a tashinsa tsakanin azahar da la'asar, ko wane ne ya zo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan hutu ke mutuwa da zarar an bar wa kowa zaɓi. A ɗakin kwana, in ka ce wanda ya ga dama ya kwanta, wanda bai ga dama ba ya yi harkarsa, to ba mai kwanciya. Wannan na wanki, wancan na jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli yana kiran abokai, wani na haddar darasi da ƙarfi, mai son barci ya rasa shiru, mai tsoron a wuce shi a karatu ya tashi zaune. Haka yake a wajen makaranta. Lebura a wurin gini ba zai ajiye kwanon kankare shi kaɗai ba, don ya san gobe wani za a ɗauka a madadinsa. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da doka suka yi maganin wannan. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an haramta aiki a cikin rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A Saudiyya daga 12 ne zuwa 3 a wannan tsakanin. Katar ta faɗaɗa nata a 2021, ya zama daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30, daga 1 ga Yuni. Mu ma Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce wanda ke aikin sa'a 6 ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza sa'a guda ba. Ma'aikata nawa ne suka san da ita, masu ɗaukar aiki nawa ne ke kiyaye ta? Ga shi zafin ƙaruwa yake yi. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan. A irin wannan yanayi kwanciyar tsakar rana maganar rai ce.

Ba na ɓoye cewa siyasta na da nata matsalolin. Lokacin ne aka fi cin zalin ƙanana, lokacin ne ake fasa akwati, lokacin ne masu tsallake katanga ke fita gari, domin malamai ma sun tafi gida cin abinci. Wasu shugabannin makarantu saboda wannan suke soke ta, su ce gara yara na aji ana ganinsu. Amma maganin ba sokewa ba ne, maganin malami ne da zai hana kansa kwanciya ya zaga. Ni ƙa'ida biyu na kafa a ɗakin da nake kula da shi: ba siniyan da zai aiki yaro daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa, kuma ba bokitin da zai fita. Nakan shigo ba sanarwa, wani lokaci ta ƙofar baya, in ƙirga gadajen ƙanana. In na ga gado ba kowa, ba yaron nake nema ba, wanda ya aike shi nake nema. Da farko siniyoyi sun ji haushi, suna cewa su ma haka aka yi musu. Na ce musu gaskiya ne an yi musu, kuma ba daidai ba ne. Akwai kuma batun ɗakin kansa. Hukumar da ta tara yara a ƙarƙashin kwano ba silin, ba tagogi masu shan iska, ba bishiya ko ɗaya, ta rubuta hutu ne a takarda kawai. Silin da 'yan bishiyoyin dogon yaro ba su kai kuɗin fentin ƙofar shiga da ake sabuntawa kowace shekara ba.

'Yan makarantar jeka-ka-dawo ma suna raina. Yaro ya taso daga boko wajen ƙarfe 2, ya ci abinci a tsaye, ya sauya kaya ya nufi Islamiyya, ya dawo ya tarar da malamin lesin na jiransa, bayan isha ga aikin gida. Duk abubuwan nan masu kyau ne, amma ba wanda ya zauna ya haɗa lissafinsu a jikin yaro ɗan shekara goma. Uwarsa kuwa, wadda ke bakin murhu a daidai lokacin da rana ta fi zafi, ba ta cikin jadawalin kowa, kuma in ta kishingiɗa sai a sami mai cewa ta cika son jiki.

Ku iyaye masu 'ya'ya a makarantar kwana, ranar ziyara in kun gama duba sakamako ku nemi jadawalin yini ku gani. Ku ja ɗanku gefe, musamman in ɗan ajin farko ne, ku tambaye shi abin da yake yi bayan abincin rana, da wanda yake yi wa. Ku kuma shugabannin makarantu, in shirin jarrabawa ya matso kuna neman inda za ku sa ƙarin darasi, ku duba bayan la'asar ko safiyar Asabar. Ku bar wa yara wannan sa'a, ku sa malami ya tsare musu ita.